Yadda za ka hau tsauni da kare cikin dusar ƙanƙara ku dawo kowa da ƙafarsa

Karon farko da na fita da karena kan tsauni a tsakiyar hunturu, ba mu yi awa ɗaya da rabi ba sai na ga ya zauna yana gwaguyar ƙafarsa ta gaba, ya tashi ya yi taku biyar ya sake zama. Ni a zatona taurin kai ne, har ina daka mishi tsawa. Da na durƙusa na cire safar hannu na ɗaga dagin, sai ga ƙulallen ƙanƙara kamar tsakuwa sun maƙale a gashin da ke tsakanin yatsunsa, ɗaya har ta tsaga fatar, ga ɗigon jini a kan farar dusa. Kilo 27 gare shi, mota kuma tana can ƙasa nesa. Ranar dai mun sauko, amma rabin hanya a wuyana ya yi ta, kuma abin haushin duk da wannan wahala da na sauke shi kaɗa jela yake yana neman mu ci gaba da hawa.

To matsalar kenan. Kare zai bi ka har inda ƙarfinsa ya ƙare, ba zai ce maka ya isa ba, kai ne za ka ce. Duk abin da zan lissafo a ƙasa daga nan ya taso.

Fara da duba karen da kake da shi

Ba kowane kare aka yi don wannan ba. Irin su haski na Saiberiya, malamut na Alaska, samoyed da karen tsaunin Bern gashi biyu gare su, na ciki mai laushi mai riƙe ɗumi da na waje mai kore ruwa, su sanyi ma daɗi yake musu. Amma mai gajeren gashi mara kitse kamar girehawun ko boksa, ko ƙananan nan da cikinsu ke sharar ƙasa, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus sun fara makyarkyata, dole sai da riga, rigar ma wacce ta rufe ƙirji da ciki ba ta gayu ba. Masu lotsattsen hanci irin buldog da fug kam ka bar su a gida kawai, numfashi ma a kwance wahala yake ba su balle a hawa.

Kwikwiyo ban da shi. Ƙasusuwan kare ba sa gama ƙwari sai ya kai wata 12 zuwa 18, manyan iri sun fi daɗewa. Tsoho mai ciwon gaɓoɓi ko ciwon zuciya ko suga shi ma sai ka ji ta bakin likitan dabbobi tukunna.

Sannan horo. Tafiya cikin dusa mai zurfi ba ɗaya take da tafiyar rani ba, karen da ke yin kilomita 15 a busasshiyar hanya zai iya galabaita a 5 in dusa ta kai mishi ƙirji, saboda tsalle yake yi ba tafiya ba. Ku fara da minti 30 a fili mai dusa, ku ƙara a hankali cikin makonni, kuma a nan za ka gane halinsa: yaushe yake fara ɗaga ƙafa, yana dawowa in ka kira ko sai ya ga dama. In bai san "tsaya" da "zo" da "bari" ba, maganar sakinsa a kan tsauni ma ba ta taso ba.

Zaɓi hanya tun kana gida

Abu na farko, an ma yarda da kare a wurin? Mutane na shan mamaki a nan. A Amurka yawancin manyan gandun ƙasa ba sa barin kare ya hau turba, na Rocky Mountain ya hana kwata-kwata a duk turbobinsa, Acadia kuma ya bari a da yawa amma da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, kusan mita 1.8 kenan. Dazukan gwamnatin tarayya sun fi sassauci. A Faransa tsakiyar gandun Vanoise ba a shiga da kare ko da igiya, gandun ƙasa na Suwizalan shi ma haka, shi da hunturu ma rufe shi ake yi. Ka duba shafinsu, minti biyu ne, ya fi ka yi tuƙin awa uku ka tarar da allo.

Na biyu yanayi, kuma na saman tsaunin za ka duba ba na garin da ke gindinsa ba. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5, ga iska da ke ƙara abin. Tsaunin Washinton da ke jihar New Hampshire mita 1,917 ne kacal amma a 1934 an auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a kansa, kaga tsayi ba shi ne kaɗai abin tsoro ba. Tsaunin Ben Nevis na Sikotland ma mita 1,345 ne, kuma a Disamba hasken rana a can kusan awa bakwai ne kacal, in ka makara da safe to da tocila za ka sauko.

Na uku zaftarewar dusa. A ƙasashe da yawa masu tsaunuka ana fitar da sanarwar haɗarin kullum da hunturu, da mataki 1 zuwa 5, kuma mataki na 3 ne ya fi cin rayuka don shi ne mutane ke rainawa su fita. Yawanci a gangare mai karkata digiri 30 zuwa 45 take tashi, kuma ba sai kana kan gangaren ba, wucewa ta ƙasansa ma ya isa. Shawarata a nan gajeriya ce: in kana tare da kare kar ka shiga irin wannan waje sam. In kuwa kun shiga da ayari masu na'urar neman wanda dusa ta binne, wacce ke aiki a kan 457 kHz, kar a kuskura a ɗaura wa kare irinta. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan nan damar faɗuwa take da sauri, ba wanda zai so a ɓata waɗannan mintuna ana tono a tarar kare ne alhali mutum na can ƙasa.

Ka zaɓi hanyar da aka riga aka tattake, ka yanke lokacin juyowa tun kafin ka fita, misali ƙarfe ɗaya na rana ko mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba, ka kuma faɗa wa wani inda za ku da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka.

Ƙafa, nan ne aikin yake

Dagin kare ya fi ƙafarmu jure sanyi nesa ba kusa ba, akwai kitse a tafin, kuma jijiyoyin jininsa a jere suke yadda jinin da ke saukowa da ɗumi yake ɗumama wanda ke komawa sama. Shi ya sa kake ganin yana tsaye a kan ƙanƙara ko a jikinsa. Amma ta tafin nan kare ke ɗan yin gumi, ɗumin yana narkar da dusa, ta jiƙa gashin tsakanin yatsu, ta sake daskarewa, wata ta hau kai, kafin ka ankara ta zama ƙulli. Ɓawon ƙanƙara mai kaifi da ke samuwa a saman dusa bayan rana ta narkar dare ya daskarar shi ma yanka yake kamar fasasshiyar kwalba.

Daren tafiya ka ɗauki almakashi mara tsini ka rage gashin nan ya zo daidai da tafin, kar ka aske shi tas. Ka rage farata don in sun yi tsawo yatsu buɗewa suke dusa ta samu wurin shiga, amma kar ka datse su sosai, da su yake riƙe santsi. Da safe kafin ku fita daga mota ka shafa man dagi mai kakin zuma, akwai irin su Musher's Secret, in babu baselin ma na ɗan taimakawa sai dai saurin gogewa yake. Ka tura shi har tsakanin yatsu, ba saman kawai ba.

Takalmi kuma fa? Na san wani zai ce haba, kare da takalmi, ai iyayi ne. To a Iditarod, tseren karnuka masu jan keken dusa na Alaska, wanda aka fara a 1973, tafiyar kusan mil 1,000 zuwa garin Nome, doka ce kowane mai tsere ya riƙe takalmi takwas na kowane kare, kuma waɗannan karnukan da aka haifa cikin ƙanƙara ne fa. Iri biyu ne: na ƙyalle mara nauyi mai maɗauri, shi ya fi a dusa mai laushi don kare na jin ƙasa ta cikinsa, da mai tafin roba da ya fi a duwatsu da gishirin titi. Ka auna faɗin dagin yana tsaye a kan takarda ya ɗora nauyinsa, na gaba sau da yawa sun fi na baya faɗi. Ɗaurin ya kama amma kar ya shaƙe jini, kuma ka lura da ɗan farcen nan na gefe da ke sama kaɗan, maɗauri na yawan goge wurin har ya yi ciwo. Ka saba mishi a gida tukunna, ranar farko zai yi ta ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi, ka bar shi ka yi dariyarka ka ba shi ɗan abin tauna, kwana uku ya manta. Kuma ka ɗauki ƙari, wallahi sai ɗaya ya ɓace.

Abu ɗaya dai, takalmi na rufe farata, don haka a kan ƙanƙara mai sulɓi kamar gilashi karen da ke sanye ya fi zamewa. In kun zo irin wannan wuri ko ka cire mishi na ɗan lokaci, ko ma ka tambayi kanka me ya kawo ku nan.

Naka kayan, da maganar igiya

Kai ma sai ka tsaya da ƙafarka kafin ka riƙe wani. A hanyar da aka tattake ta daskare ka sa sarƙar nan mai ƙananan haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, a dusa mai zurfi kuma faffaɗan takalmin dusa. In hanya ta kai ga sai da karamfon, wato ƙarfen ƙasan takalmi mai dogayen tsini, da gatarin ƙanƙara, to ta wuce ta kare, ga shi tsinin nan in ka taka mishi dagi huda shi zai yi. Kaya hawa-hawa, ban da auduga don in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa, sandunan tafiya, tocilan goshi da batir na ƙari, taswira ta takarda, waya kuma a aljihun ciki don sanyi na shanye caji.

Igiya a ɗamarar ƙirji za ka maƙala ta ba a wuya ba, ɗamarar ma mai mariƙi a baya yadda za ka iya cafko shi ka ɗaga. Igiyar nan mai naɗe kanta ka bar ta a gida, daskarewa take ta ƙi aiki. Wacce ake ɗaurawa a ƙugu tana da daɗi a hawa don hannuwanka a sake suke, amma a gangara kan santsi ita ce za ta kayar da kai, kare ya hango wani abu ya fizga shikenan kun tafi tare. Idan za mu sauka ni kwancewa nake in riƙe a hannu, ban naɗe ta a wuyan hannu ba, in sa shi ya koma bayana. Ka sa mishi ɗan fitila ko riga mai ɗaukar ido, da lambar wayarka a wuya, saboda dusa na rufe ƙamshin hanya kuma karen da ya ɓata yana wahalar gano hanyar dawowa.

In zai ɗauki jaka, ka fara da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya saba kar ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu, a dusa mai zurfi ma ni cire ta nake gaba ɗaya.

Ruwa da abinci

Kar ka ce ai ga dusa ko'ina zai lasa. Ruwan da ke cikinta kaɗan ne kuma jikinsa ne zai ƙona ƙarfi wajen narkar da ita. Iskar sanyi busasshiya ce, yana lallage yana zubar da ruwa ba ka gani. Ka zuba ruwa mai ɗumi a fulas, ka ba shi kaɗan-kaɗan duk minti 30 zuwa 45, in ya ƙi sha ka jefa 'yan ƙwayoyin abincinsa a ciki. Gorar roba kuma ka kife ta a jaka, ruwa daga sama yake fara daskarewa, sai bakin ya tsira.

Kar ka cika mishi ciki dab da fita, ka ba shi da awa biyu ko fiye, sauran a hanya ɗan kaɗan a kowane hutu. Kuma ka yi hattara da naka guzurin, cakulan, busasshen inabi da duk abin da aka sa wa zaƙin xylitol guba ne ga kare, kuma su ne dai abubuwan da masu hawa tsauni ke cika aljihu da su.

A kan hanya

Duk lokacin da kuka tsaya shan ruwa ka duba ƙafa huɗun. Ƙulli in ya taru kar ka fizge, ka rufe dagin da tafin hannunka ya narke ko ka murƙushe shi da yatsa a hankali, ka ƙara mai. Ka taɓa bakin kunnuwa da ƙarshen jela. Hutu ya zama gajere, kuma ka shimfiɗa mishi 'yar katifar soso ya hau, don kwanciya kan dusa kai tsaye na zuƙe ɗumi, rigarsa ma lokacin tsayawa ta fi amfani.

Alamun da ke cewa a juya: yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yana rawar ɗari ba ta tsayawa, ya maƙe jela ya ƙudundune, wanda ya saba yin gaba ya koma bin sawunka, yana neman haƙa rami ya kwanta. Biyu daga ciki sun ishe ni. Ƙololuwa tana nan ba inda za ta.

Wurare uku ne nake gajarta igiya ko da ya shekara yana jin magana. Bakin tsauni, saboda iska na tara dusa ta yi leɓe ta zarce dutsen, daga sama kamar ƙasa ce amma ƙasanta fayau, kuma kare na son zuwa baki ya leƙa. Gindin bishiyoyi masu rassa har ƙasa a dusa mai zurfi, nan ma rami ne a ɓoye. Sai tafki da rafi da suka daskare. Ƙanƙara garai-garai sai ta kai kaurin santimita 10 take ɗaukar mutum, kai kuma ba ka da yadda za ka sani in dusa ta rufe ta, kusa da inda ruwa ke shiga ko fita kuma kullum siririya ce. In tsautsayi ya sa ya burma, kar ka bi shi. Na san da wuya, amma sau da yawa karen na fitowa da kansa mai shi ne ke tafiya, garin neman gira a rasa ido. Ka tsaya a gaɓa kana kiransa, ka nemi agaji, 112 a Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya.

Namun daji ma da haƙƙinsu. Barewa da awakin tsauni da kitsen da suka tara suke lallaɓawa har bazara, kora ɗaya ta wasa a wurin karenka asara ce babba gare su. Mus kuma, wannan ƙaton mai ƙaho na arewacin Amurka da Sikandinabiya, kallon kyarkeci yake wa kare, ba gudu zai yi ba kanku zai yo. In kun haɗu da masu gudun kan dusa ka janye shi gefe, gefen katakonsu ƙarfe ne mai kaifi, kar kuma ya tattaka musu layi. Kashinsa ka kwashe a leda ka tafi da shi, binnewa a dusa ajiya ce kawai, tana narkewa zai fito.

In abu ya ɓaci

Zafin jikin kare tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai yake, in ya sauka ƙasa da 37 an shiga matsala. Za ka ga yana tangaɗi, ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, mafi muni kuma rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ɗumama ba. Ka ɗauke shi daga kan dusa, ka goge shi ya bushe, ka naɗe shi da jaket ɗinka da bargon nan mai ƙyalli na gaggawa, ka manna shi a jikinka. Gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma a gefen ƙirji, ba kai tsaye a fata ba. Sai saukowa, sai asibitin dabbobi, ko ya nuna ya warware.

Daskarewar nama kuma kunne, jela, yatsu da maraina take fara kamawa, wurin ya yi fari ko toka-toka, ya yi tauri da sanyi. Kar ka murza, kar ka goga dusa, kar ka kara a wuta ko hitar mota. Ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunka za ta jure, kuma sai kun isa inda ba zai sake daskarewa ba, don narkewa a sake daskarewa ya fi ɓarna. Yanka a dagi: wanke, danna da gozi, ƙyallen nan na ɗaure ciwo, har jini ya tsaya, naɗa bandeji mai kama kansa ba da ƙarfi ba, ɗora takalmi a kai. Maganin ciwonka irin ibuprofen kar ka ba shi ko rabi.

Sai babbar tambaya, za ka iya saukowa da shi in ya kasa tafiya? Masu aikin ceto a tsauni don mutane suke, wasu na taimakon kare in sun samu dama amma ba abin dogaro ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Akwai majanyin goyon kare na gaggawa, mara nauyi, yana naɗewa ya shiga gindin jaka, ka saya ka gwada shi a gida, ka goya shi ka hau bene ka sauko sau uku. In ka kasa a bene, to ko ku riƙa tafiya ku biyu, ko ka rage nisan hanyar zuwa iya inda bayanka zai ɗauka.

Da kun dawo mota

Kar ka sake shi a wurin ajiye motoci. Ruwan hana injin daskarewa da ke ɗiga daga wasu motoci yana da zaƙi, karnuka na lasa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. Gishirin da ake watsawa a titi shi ma yana cin fatar dagi, in ya lashe kuma ya ɓata mishi ciki. Ka ajiye tawul da gorar ruwan ɗumi a mota musamman don wannan, ka wanke ƙafafu da ciki, ka narkar da ƙulallen da suka rataya a gashin cinya, ka cire jiƙaƙƙiyar rigar ka shimfiɗa busasshen bargo. Ruwa tukunna, abinci sai numfashinsa ya daidaita.

Washegari ka sake ɗaga dagin ɗaya bayan ɗaya a wuri mai haske, ka duba kunnuwa da jela, don ɓarnar sanyi wani lokaci sai bayan kwana biyu ko uku take nunawa, wurin ya kumbura ko ya yi ja ko ya fara baƙi. In yana ɗingishi ko yana ta lasar wuri ɗaya, ka kira likita, fita ta gaba kuma sai tafin ya warke sarai.